Na'urar da Ke Jin Zamfaranci

Malam Muttaka ya jingina wayarsa da butar shayi, ya danna koren maɓallin, ya gyara murya kamar zai yi wa ɗalibai jawabin safe.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyarwa a Shinkafi. Abin da ya fito da shi karkarwar hannu ce, da ra'ayin cewa duk sabon abu yaudara ne sai an tabbatar. Alƙalami ya daina yi masa biyayya. Ana nan sai wani malamin gona ya zo har zaure, ya sa masa manhajar ƙungiyar manoma, ya ce an ƙara mata dabara: ka yi magana, ta mayar da ita rubutu. Malam ya ce ya daɗe da ajiye fartanya. Malamin gonar ya nace, nacin da bai yi wa maƙwabta ba.

Don ya kama ta da ƙarya ya fara gwada ta. Ya zuba mata Zamfaranci tsantsa, irin wanda Bakano kan ce a maimaita masa. Bayan minti uku rubutu ya fito, ba tuntuɓe ko ɗaya. Aibinta guda ne, tana da halin ma'aikacin gwamnati: ba ta farawa sai takwas, ƙarfe huɗu ta tashi, ran Juma'a rabin yini.

Gidan kuwa babu mai motsi sai shi da ƙadangaru. Shekara uku da suka wuce ciwon matarsa Zulai ya tsananta, ɗiyarsu tilo Muhsina ta ɗauko mota a kai ta asibiti a Ƙaura. Rai ya yi halinsa a hanya. A gaban masu gaisuwa ya dubi ɗiyar ya ce, "Ke kinka kashe ta." Ranar sadakar bakwai ta koma Ƙaura, inda ta yi karatun kwamfuta. Lambarta na cikin wayarsa. Bai taɓa kira ba, ita ma haka. Jini ɗaya ne.

Sai ya koma faɗa wa na'urar wasiƙa kullum da hantsi. Ya gaya wa Muhsina gwandar tsakar gida ta yi 'ya'ya, liman ya canza tabarau, gwiwarsa ta hagu ta shiga yajin aiki. In rubutun ya fito, sai ya karanta, ya gyaɗa kai, ya goge. Ya lura in ya ambaci Zulai rubutun kan daɗe bai fito ba. Ya ɗora laifin a kan sabis.

Wata huɗu ana haka, sanarwa ta shigo: gwaji ya ƙare, ƙarshen wata za a cire maɓallin. Malam ya ce dama ya faɗa. Amma a daren bai taɓa tuwonsa ba.

Ranar ƙarshe ya zauna, bai gyara murya ba.

"Muhsina, ɗiyata. Kin ce a tai asibiti tun Litinin, ni na hana. Kwana biyu na riƙe ta gida ina jiran sauƙi. Laihina ne. Ya fi ƙarfina ɗauka, shi ya sa na aza maki. Ki yahe man."

Minti uku suka wuce. Goma. Aka kira azahar, ya je ya dawo, allon wayar fari fat. Ya zauna yana kallonsa, kajin maƙwabta suna shiga zaure suna fita ba mai kora.

Saura kaɗan huɗu ta buga rubutun ya fito, kalma bayan kalma yadda ya faɗa. Ya karanta sau biyu. Ya nemo lambarta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya mayar da yatsansa mai rawa inda ya saba kai shi, wurin gogewa. A nan ya ga wani layi a ƙasa wanda ba shi ya faɗa ba.

"Kada ka goge wannan, Baba. Na'urarmu har yau ba ta jin Zamfaranci. Tun ranar farko ni nake saurare, ina bugawa da hannuna."