Minti Huɗu na Randa

Wannan misali na sha ba da shi, amma yanzu wani sashensa ya zube mini kamar gero a hujajjen buhu. Sunan garin ya ɓace. Na dai tuna da kuka biyu a bakin kasuwarsa, da rijiya mai ruwan zartsi inda na taɓa yin alwala. Sunan malamin ma ya tafi. Tunda ka tambaye ni batun bai wa ɗalibai waya su ɗauko darasi da hannunsu, sai ka yi haƙuri da abin da ya rage.

Wani malamin aikin gona ne a sakandaren ƙauye, ɗan birni, mai himma. Ya lura yara na gyangyaɗi in yana rubutu a allo, sai ya kasa su kashi-kashi, ya ce kowane kashi ya shiga gari da waya ya ɗauko bidiyon wata sana'a, a haska wa aji. Doka ɗaya ya kafa: kada ya wuce minti uku, abin da ba ya motsi a yanke shi. Dabarar ta ci, har wanda bai taɓa ɗaga hannu ba ya fara tambaya. To, shekara biyu a jere damina ta yi gardama, gero bai yi ba, mutane suka rungumi wani irin rogo da aka kawo daga kudu, mai jure fari. Su rogon da suka sani shi ne wanda ake dafawa a ci da ƙuli. Wannan kuwa mai ɗaci ne, akwai dafi a jikinsa, ba ya fita sai an jiƙa shi kwanaki. Don haka suke kai shi wa wata tsohuwa da aure ya kawo ta daga can kudun, ita ke mayar musu da shi alabo, wato garin rogo na tuwo. Wurinta kashi ɗaya na ɗaliban suka je. Ta fere, suka ɗauka. Ta yayyanka, suka ɗauka. Ta zuba a randa ta cika da ruwa, ta rufe da faifai, ta koma kan tabarma. Mai riƙe da wayar ya ce, "Iya, tashi mana ki ci gaba, caji zai ƙare." Ta ce, "Kai mijina rago, ai aikin ke nan ake yi. Tsaya ka ɗauka." Don kunyarta ya tsaya yana ɗaukar bidiyon randa. Suka komo bayan kwanaki, suka ɗauki shanya da daka da tankaɗe.

Da suka kai wa malam, bidiyon minti bakwai ne, huɗu daga ciki randa ce a rufe, sai ƙuda da kukan akuya. Ya kalli kaɗan, ya ja da yatsa ya tsallake, ya ce, "Wannan ai barci zai sa mutane." Da hannunsa ya yanke. Abin da ya fito gwanin kyau: rogo ya shiga ruwa, rogo ya fito, gari fari fat. Ya ba su maki mafi yawa, aka haska wa aji sau biyu, aka tura waya zuwa waya. A cikin masu kallon akwai wata ɗaliba mai natsuwa da ke zama a layin gaba, tana rubuta komai. Uwarta na jego, ubanta ya tafi cin rani, girki na hannunta. Ranar Asabar ta tono rogon gonarsu da sassafe, ta bi littafinta layi-layi: ta fere, ta yayyanka sirara, ta tsoma a ruwa, ta tsame, ta baza a rana. Kafin magariba ta daka, ta tuƙa tuwo. Ɗacin da aka ji aka ɗora wa miya. Sai jiri, sai amai, sai numfashi sama-sama. Ita da uwar suka tashi bayan jinya. Ƙannenta biyu, waɗanda suka fi kowa jin yunwa suka kuma nemi ƙari, ba su tashi ba. Da malamin ya je ta'aziyya, yarinyar ba ta yi kuka a gabansa ba. Littafin kawai ta miƙa masa a buɗe, ta ce, "Malam, duba mini inda na yi kuskure." Ya duba. Babu.

Na manta ko an kai maganar gaba, ko an bar wa Allah. Abu ɗaya dai na tabbatar da kaina. Bayan shekaru hanya ta biyo da ni garin, na sami malamin ya yi furfura, yana nan a makarantar. Ya nuna mini bidiyon na asali, wanda bai taɓa gogewa ba. Muka zauna muka kalli randa minti huɗu cur. Daf da ƙarshe, can bayan kukan akuyar, muryar tsohuwar ta fito sarai: "Kwana huɗu, kullum a sake ruwa. Wanda ya rage ɗaya ya tanadi likkafani." Ya ce mini bai ji wannan ba sai ranar sadakar uku. Har yanzu yana aika yara da waya cikin gari, amma kowane sabon aji da randar yake fara musu, ba ya tsallake ko ƙiftawar ido. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.