Tikitin Motar Anti Yemima

Awa biyu allon filin fakin ya ce. Kaltouma ta yi awa uku da minti ashirin.

Ba sayayya ce ta riƙe ta ba. A layin shinkafa na wani babban kanti da ke kan titin Wendover ta yi kiciɓis da ƙawarta ta lekol, wato makaranta, tun a Damagaram, wadda rabonta da ita shekara goma sha huɗu. Sai da suka bi unguwarsu gida-gida: wa ya rasu, wa ya yi aure, wa ya tafi Libiya. Da ta fito, ta tarar da takarda ruwan ɗorawa maƙale a gilashin mota. Tarar dala tamanin da biyar, daga kamfanin da ke kula da filin fakin.

Motar ma ba tata ba ce. Tata tana gareji. Anti Yemima, maƙwabciyarsu 'yar Kafanchan, ita ta ara mata da safen nan.

Mijinta Daouda ya dawo da yamma a gajiye. Shekara shida yana aiki a wani siton kujeru, kuma tun da zafi ya shigo rana ta ƙona shi. Ya ce yanzu a waje ake lodi. Ya karɓi tikitin, ya daɗe yana kallon lambar motar.

"Motar wa kika ɗauka?"

"Ta Anti Yemima."

Ya ajiye takardar a hankali. "A biya kawai, Maman Malika."

"A biya? Wallahi ko sisi ba zai fita daga gidan nan ba. Allon bayan bishiya yake. Wanda ya rubuta wannan abu ba shi da tsoron Allah."

Daouda ya ce Allah ne masani, ya tashi ya yi alwala.

Afil na farko, wato takardar ƙorafi ga kamfanin, ita ta rubuta shi da kanta, shafi uku, har da tarihin ƙawar. Ta kuma sanar cewa ranar Asabar za ta koma filin ta ɗauki hoton bishiyar. Daouda ya tambaye ta ƙarfe nawa. Asabar ɗin ya tashi da ciwon kai, bai je aiki ba.

Bayan mako biyu amsa ta zo, layi biyu. Kamfani ya gode da wasiƙarta. Tara tana nan.

Sai wata takardar ta sauka a akwatin Anti Yemima, da sunanta ɓaro-ɓaro: in ba a biya cikin kwana talatin ba, za a miƙa maganar ga masu karɓar bashi. Anti Yemima ta shigo da ita ranar Lahadi bayan coci, ko ɗankwali ba ta sauya ba.

"Bar shi, ƙanwata. Ni zan biya, ya wuce."

Wannan ya fi tarar yi wa Kaltouma zafi. Mutum ya ara maka mota, ka mayar masa da ita da abin kunya a gilashi? Kwana biyu ba ta iya haɗa ido da matar a matakala.

Ranar Laraba suna cin tuwo ta yanke hukunci.

"Baban Malika, jibi zan je ofishinsu. Zan goya Malika, in zauna a ƙofa, ba zan tashi ba sai sun fito mini da mutumin nan na gan shi da idona."

Daouda ya tsame hannu daga kwano. Ya wanke, ya goge, yatsa bayan yatsa.

"Kawo tikitin."

Bai ko nemi tabarau ba. Ya ɗora yatsa a kan wani ƙaramin gurbi a ƙasa, wanda ba a rubuta komai a ciki ba. Ya ce ma'aikacin yakan shafa wa taya alli, ya rubuta lokacin a nan. In babu lokacin farko, ba yadda za a tabbatar mota ta wuce awa biyu. Kamfani ba ruwansa da bishiya, amma ba ya wasa da kuskuren ma'aikaci.

"Ina ka san wannan?"

"A wurin aiki ana hira."

Ya faɗa, ta rubuta. Layi huɗu, ba zagi, ba Damagaram. A ƙarshe ta ƙara na biyar da kanta, tana neman a hukunta mai laifin.

"Wannan ba dole ba ne," in ji Daouda.

"Dole ne."

Ya lashi ambulan, ya manne.

Kwana tara amsa ta dawo. An soke tara. Kamfani yana ba da haƙuri, kuma zai ɗauki matakin da ya dace. Kaltouma ta karanta sau uku, ta hau sama ta karanta wa Anti Yemima, ta buga wa ƙawarta waya ta karanta mata. Ta dafa dambu da zogale, ta zuba wa mijinta nama biyu, ta ce da mutanen siton nan sun san irin kan da Allah Ya ba shi, da tuni sun ba shi ofis. Daouda ya cinye tas.

Washegari ƙarfe bakwai ya fita kamar kullum. Ya wuce siton kujerun, wanda aka rufe tun watan Maris, ya tsaya a ƙaramin ofishin kamfanin fakin, bayan wani shagon taya. Manajan, wani mai suna Gregory, ya tura masa wasiƙar afil ɗin a kan tebur, ya ce wannan ne kuskure na uku, kuma doka doka ce.

"Ka karanta ka ƙaru," in ji shi. "Duk wanda ya tsara wa matar nan wannan wasiƙa ya fi ka sanin aikinmu."

Daouda ya ce shi ma ya lura da haka, sannan ya ajiye masa rigar aiki, da sandar alli, da sauran littafin tikitin.