Kafaɗa Huɗu

Muɗawwifi, jagoran da ke ba mu alhazai, ya ce in ban sauya mutum ɗaya ba, baɗi mu nemi wani aikin. Shibriyarmu, gadon da mu huɗu muke ɗaukar gajiyayyu mu yi musu ɗawafi, karkacewa take yi. Bana saura ƙiris wata tsohuwa ta faɗo.

Raƙuman alhazan ƙarshe na kama hanyar Jidda, maginan unguwar Misfala suka aiko: su ba ni saurayi, in ba su raunannen cikinmu ya riƙa haura musu tudu da duwatsu da ruwa. Na san wa zan bayar. Baffana ne, ya haura sittin. Kwana uku na kasa haɗa ido da shi.

"Kai ne babba, ɗana, amma kada ka yanke hukunci da ido," in ji shi. "Kawo kwano."

Ya cika shi fal da ruwa, ya ɗora a tsakiyar gadon. Muka sa kafaɗa, muka miƙe, ina roƙon Allah kada ya zube ta wajensa.

Bai zube ta wajensa ba. Sanyin ruwan na ji yana bin wuyana har ƙirji. Babu wanda ya dube ni.