Mai Riƙe Tsani

Da ɗingishin Fannami aka buɗe darasi ga leburorin da ke gina gada a kogin Haɗeja.

"Ku dube shi da kyau," in ji Malam Haladu, akawun da Bature ya turo ya koya musu kiyaye haɗari. "Haka mai gangancin hawa tsani yake ƙarewa."

Nuna ƙafar nan ne aikin Fannami yanzu.

Malam ya jingina tsani, ya dafe shi da hannu biyu, ya ce Ari ya hau a gani. Ari ƙanen Fannami ne, jiya aka ɗauke shi aiki. Yana cikin hawa, wani lebura ya yi raɗa, "Yaya Fannami, wai a ina ka faɗo?"

"A nan, bara, a wannan darasin."

"Ba mai riƙe maka?"

"Malam ne ya riƙe, gam kuwa. Sai da Bature ya iso, Malam ya tuɓe takalmi ya zube gaisuwa."

Ari ya kai matakin ƙarshe ke nan aka jiyo ƙugin motar Bature. Fannami ya dubi ƙafar Malam. Takalmi ɗaya ya riga ya fita.