Kunnen Kotu a Kan Gadon Inna

Tun da sabuwar doka ta fito, kowane gado a gidan tsofaffi yana da kunnen kotu, wani ɗan ƙarfe da ke gaishe da mai gadon kullum da hantsi, yana kuma yanke hukunci nan take da yawun alƙali. Abin da tsoho ya faɗa masa da bakinsa, shi kaɗai alƙali ke karɓa. Shaidar 'ya'ya ba ta shiga.

Kuluwa ta janye hannun rigar mahaifiyarta, ta ga shatin igiya a wuyan hannu, wurin ya kumbura.

"Inna, wa ya ɗaure ki?"

"Yaron nan Barau, mai kula da mu. Wai ina yawan tashi fitsari."

"To don Allah, in abin nan ya yi magana, ki faɗa masa haka. Na shigar da ƙara, bakinki kawai ake jira."

Ƙarfen ya kawo haske. Muryarsa mai ladabi ce, kamar ta suruki.

"Barka da hantsi, Inna Tabawa. Yaya jiki?"

Tsohuwar ta gyara ɗankwali. "Da sauƙi, alhamdulillahi."

"Madalla. Mai gado ta ce da sauƙi. An kori ƙara."

Hasken ya ɗauke.

"Haba Inna."

"Ke, mutum ya gaishe ni, sai in tare shi da kuka? Da an gama gaisuwa ai zan faɗa."

Barau yana tsaye a bakin ƙofa, yana naɗe igiya a hannunsa a hankali.

"Hajiya, lokacin ziyara ya ƙare," ya ce. "Tsofaffinmu duk haka suke, akwai tarbiyya."