Waya ta Huɗu

Kwana uku ƙaramin akwatin yana kan teburin Karim, a shagonsa na gyaran na'urori bayan tashar Agadas, ko shayi ya kasa sha da daɗi.

Akwatin ne ke sarrafa pompon ban ruwa na wata garkar albasa a bakin hanyar Bilma. Yayan Karim, Saidou, shi ya haɗa shi bayan ya bar tuƙin sahara, tun shekarar da motarsa ta mutu cikin rairayi aka tsinto shi leɓɓa a tsage. Bara Saidou ya rasu, ordinatarsa, kwamfutar da yake aiki da ita, ta ɓace da duk abin da ya rubuta.

Yanzu mai garkar, Alhaji Nomau, yana yawo da zance: tankin ruwa ba ya cika, albasa na ƙonewa, marigayin aikin ha'inci ya yi masa. Maganar ta tsaya wa Karim a rai. Ya rantse sai ya wanke sunan ɗan'uwansa.

Ya zuƙo shirin daga ƙwaƙwalwar akwatin, lambobi zalla, ya zuba a dezasamblar, manhajar da ke mayar da lambobi umarnin da mutum zai iya karantawa. Aba ce mai amfani, sai dai nauyin baki gare ta. Za ta zayyana maka abin da na'ura ke yi daki-daki, amma ko za ka kwana kana roƙo ba za ta faɗa maka dalili ba. Sunaye da bayanan da mai rubutu ya sa duk sun zube tun ranar da aka ɗura shirin.

Aikin tsaf yake, har Karim ya ji ƙwalla. Sai ya ci karo da wasu layuka tara: kullum da azahar, a kunna waya ta huɗu, ruwa ya bi bututunta minti ashirin.

Ya kira Alhaji. "Mi ke ga waya ta huɗu?"

"Babu komi. Bututu ukku muke ban ruwa da su. Na huɗun cikin rairai ya nutse, wa za ya tona?"

Ragowar gwaji ne, in ji Karim a ransa, Saidou ya manta bai cire ba. Ya goge layukan, ya mayar da akwatin garka.

Tanki ya cika, albasa ta farfaɗo, Alhaji ya koma sa wa marigayin albarka.

Rana ta goma sha biyu wani tsohon direba, Zaharaddin, ya shigo shagon, ya zauna ko sallama bai yi ba.

"Kai ne ƙanen Saidou? Taho ka duba muna pompon da ya kafa bayan tudun garkar Alhaji don wanda mota ta mutu mai. Shekara shidda bai taɓa saɓa azahar ba, sai kwanan nan ya ɗauke. Jiya mun iske mutum ukku gabanshi, bidon ɗin ruwa a buɗe suna jira, ɗaya kaɗai ke numfashi."