Yaron da Aka Koya wa Kuka

Tasi'u, Barira, ku matso nan. Kai ajiye wayar nan, ba da bango nake magana ba. Na gaji da gabar da kuke yi a kan ɗanka Nafi'u: kai ka ce sai ka cire shi daga makaranta ka miƙa wa 'yan fim, ke ƙanwarsa kin ce sai dai bayan ranki. To ku buɗe kunne.

A zamanin kaset an yi wani yaro mai saurin hawaye. Da an ce masa "uwarka ta mutu", sai su zubo shar, har haɓa. Masu shirya fim suka gano shi, suka mai da shi marayan kowane fim. Mata na kallo suna share ido da bakin zani. Uban ya ga ƙofa ta buɗe, ya raba shi da allo da boko, ko zare bai bari ya koyi sa wa allura ba. In baƙi suka zo gidan, ba a ce yaro ya gaishe su, sai dai a ce ya yi musu kukan nan. Ya yi, a tafa, a miƙa masa alewa. Da gashin baki ya fara tsiro, uban da kansa yake bin sa da reza kafin a fita ɗauka. Ina amfani? Murya ta buɗe, wuya ya yi kauri, aka samo wani ƙaramin. Shi kuma aka riƙa jefa masa ragowa: yau maigadi, gobe ɗan zaman makoki a bayan taro. Ya yi furfura ana kiran sa Maraya, sunan yankansa ma ya ɓace.

Ranar da uwar tasa ta rasu da gaske, ya durƙusa a ƙofar gida, kuka ya ci ƙarfinsa. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wani dattijo cikin masu ta'aziyya ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, har yanzu ya iya." Ba wanda ya dafa kafaɗarsa. Mutumin da ya sa gari guda kuka ya rasa mai yarda da nasa.

Shi ya sa Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yadda aka tanƙwara shi kuwa haka zai bushe.

Tasi'u, jiya da idona na ga ka sa Nafi'u ya yi wa abokanka kuka a zaure, kana dariya har da buga cinya. Ke kuma kin ɗauke ƙafa daga gidan yayanki, kamar fushi ne zai mai da yaro aji. An ce ranar Asabar motar 'yan fim za ta zo ɗaukarsa. Ku zauna nan kan tabarmar nan ku kashe maganar, ina jin ku. Ba mai tashi.